Kyauta daga Nesa, Shaida daga Gida

Kowace shekara, daga ƙarshen kaka zuwa shigowar bazara, duniyar sinima takan shiga lokacin rabon kyaututtuka. A Amurka ana jiran daren Oscar, a Wagadugu kuma, sau ɗaya a shekara biyu, ana hallara bikin FESPACO wanda aka fara tun 1969. A irin wannan lokaci ne ƴan jarida ke tururuwa wajen masu shirya finafinai, gidajen rediyo da jaridu su cika da hirarraki. Wanda ya saba sauraren waɗannan hirarraki zai lura cewa tambayoyin kusan iri ɗaya ne: yaya aka ji da aka kira suna a gaban taro, shekara nawa aikin ya ci, wane fim ne ke tafe. Tambayoyi ne masu kyau, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma idan wanda ake hira da shi mai shirya fim ɗin haƙiƙa ne, wato abin da Faransawa ke kira documentaire, akwai wata tambaya da ta fi waɗannan nauyi wadda ba kasafai ake yin ta ba: shin mutanen da ke cikin fim ɗin sun gan shi, kuma me suka ce?

Dalilin nauyin wannan tambaya yana cikin yanayin aikin kansa. A gari kamar Tsauni, cikin gundumar Kance, kusa da Matamaye da iyakar Nijeriya, babu yaron da bai san fim ba. Finafinan Kano sun daɗe da shigowa ta hanyar Daura, tun zamanin kaset har zuwa yau da ake tura su daga salula zuwa salula. Sai dai ɗan wasan Kano an biya shi ladansa, idan ya yi kuka a fim ya share hawaye ya koma gidansa da sunansa na gaskiya. Mai fim ɗin haƙiƙa kuwa aron fuskar mutum yake yi, da muryarsa, da tsakar gidansa, wani lokaci har da abin da yake ɓoyewa maƙwabta. Manomin da aka nuna yana lissafin bashi ba wasa yake ba, gobe ma da safe bashin na nan a wuyansa. Saboda haka abin da ke tsakanin mai ɗauka da wanda aka ɗauka amana ce, ita kuwa amana mai ita ake mayar wa.

A ƙasar Nijar aka koyi wannan darasi tun kafin samun mulkin kai. Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ɗaukar hoto a bakin kogin Kwara, ya shirya fim a farkon shekarun 1950 kan farautar dorina da Sorkawa ke yi, mai suna Bataille sur le grand fleuve. Ƴan shekaru bayan haka ya kai fim ɗin Ayoru, ya kafa farin ƙyalle, ya nuna wa masu farautar. Suka gane kansu, suka gane waɗanda suka rasu a tsakani, sannan suka yi masa gyara. Ya sa kiɗa a daidai wurin da ake bin dorina, su kuwa suka nuna masa cewa wannan farauta cikin shiru ake yin ta, don dorina tana ji. Rouch ya karɓi gyaran, ya kuma riƙe wannan hanya ta mayar da hoto ga masu shi har ƙarshen rayuwarsa, wadda ta zo a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Babu alƙalin gasa a Paris da zai iya gano wannan kuskure, komai zurfin iliminsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba yau ƴan Nijar suka fara karɓo kyauta ba. Umaru Ganda, wanda ya fito a fim ɗin Rouch mai suna Moi, un Noir a 1958, shi ne mutum na farko da ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, wato Étalon de Yennenga, a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Bayan rasuwarsa a 1981 aka sa sunansa ga ɗaya daga cikin kyaututtukan bikin. Inusa Usaini ya ɗauki wasan kara na Damagaram, inda samari ke kwaikwayon masu mulki da kayan kara, ya kuma kafa taron finafinan haƙiƙa na Afirka a Yamai a 2006. Rahamatu Keita ta ba da tarihin Zalika Sule, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar wasan fim a ƙasar, cikin Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005. Daga wannan tushe ne wasu matasa na ƙasar Hausa suka taso a shekarun 2000, da dama daga cikinsu ta hanyar shirin Africadoc da karatun jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal.

Sani Alhaji Magori, ɗan Galmi ne a jihar Tawa, kuma ilimin noma ya fara karantawa. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, ya bi wani magidanci da ke son aurar da ɗiyarsa, amma ranar bikin tana rataye da albarkar albasa da farashinta a kasuwa. Duk wanda ya taɓa jiran kuɗin rake ko na gyaɗa kafin ya sa ranar aure ya san wannan labari ba sai an fassara masa ba. Fim ɗin ya sami kyautar AMAA ta Nijeriya a 2009. Bayansa sai Koukan Kourcia, wato kukan kurciya, inda Magori ya nemo tsohuwar zabiya Husai, wadda waƙoƙinta suka zuga samari zuwa bida a shekarun 1970, ya roƙe ta ta bi shi har Abijan ta rera wata waƙar da za ta dawo da mahaifinsa gida bayan shekaru masu yawa. Malam Sagiru na Damagaram shi ma ya juya kyamara cikin garinsu: La Robe du temps ya shiga gidan sarautar fawa, Solaire made in Africa kuma ya tuna da aikin Farfesa Abdu Mumuni Dioffo kan hasken rana.

Sai A'isha Maki, haifaffiyar Damagaram, wadda ta karanta ilimin zamantakewa. A L'Arbre sans fruit na 2016 ta ɗauki maganar da mata ke yi a ɗaka cikin raɗa, maganar rashin haihuwa, ta fara da kanta, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wajen haihuwa. Wannan fim ya ɗauki kyautar AMAA a Fatakwal a shekarar. A 2021 ta fitar da Zinder, wanda ta ɗauka a Kara-Kara, unguwar da asalinta aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ture, inda ƙungiyoyin samari da ake kira palais ke da ƙarfi. Ta zauna da masu ɗaga ƙarfe, da ɗan kabu-kabun da ya tuba daga daba, da ƴan ruwa-ruwa masu shigo da man fetur ta bayan fage. An nuna shi a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwis, ya kuma sami kyautar Adiaha wadda ake ba mace ƴar Afirka mai shirya irin wannan fim.

Bai kamata a raina waɗannan kyaututtuka ba, don sanin yadda sana'ar ke tafiya ya isa ya nuna amfaninsu. Mai son shirya fim ɗin haƙiƙa a Nijar yakan fara da rubuta takardun bayani da Faransanci, ya kai su gaban masu kuɗi da tashoshin talabijin na waje, ya jira watanni, wani lokaci shekaru. Zinder kansa da haɗin gwiwar kamfanonin Nijar da Faransa da Jamus aka yi shi. Kasuwar cikin gida ba ta iya mayar da abin da aka kashe, gidajen sinima na da kuwa yawancinsu sun rufe. A cikin wannan hali, lambar yabo ita ce takardar shaidar da ke buɗe ƙofar fim na gaba. Tana kuma zama garkuwa: wanda sunansa ya fita duniya ya fi samun ikon taɓa maganar da wasu ke son a rufe. Yarinyar da ke aji uku a kwalejin Matamaye, idan ta ji an kira sunan ƴar Damagaram a rediyo, ta san wannan aiki ba na Turawa kaɗai ba ne.

Haɗarin yana wani wuri dabam. Idan mai ba da kuɗi a waje yake, mai ba da kyauta a waje, masu kallo na farko su ma a waje, to sannu a hankali idon mai ɗauka yana iya karkata ga abin da ke burge baƙo. Yunwa da daba da hijira sun fi saurin samun kujera a bukukuwa bisa zaman lafiyar gari. Mutanen Kance sun ɗanɗani yadda duniya ke kallon mutum daga nesa. A watan Oktoba na 2013 aka gano gawawwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, kuma da dama daga cikinsu daga wannan gunduma suka fito. Tun daga nan sunan Kance ya shiga rahotanni da Faransanci da Turanci, baƙi suka zo da kyamara da littafin rubutu, suka tambaya, suka koma. Abin da aka rubuta da abin da aka ɗauka ya zaga ofisoshi da tarurruka. Uwar da aka yi wa tambayoyi a ƙofar ɗakinta tana da haƙƙin sanin abin da aka yi da maganarta, ko an faɗi dalilinta yadda ta faɗe shi, ko an yanke an bar hawayen kaɗai.

A nan ne finafinan ƴan ƙasa suke da wata daraja da kyauta ba ta iya aunawa. Yawancin maganar da ke cikin finafinan Magori da na Maki da Hausa ake yin ta. Alƙalin gasa yana karanta fassara a ƙasan hoto, layi biyu gajeru, habaici da zaurance da nauyin kalma duk sun zube a hanya. Tsohuwar Tsauni kuwa da ba ta taɓa shiga lakwal ba za ta ji komai, har da abin da aka yi shiru a kansa. Idan aka nuna Koukan Kourcia a garin da kusan kowane gida ke da ɗan bida, a Kano ko Libiya ko Aljeriya, masu kallo ba za su tsaya kan kyawun hoto ba. Za a yi gardama kan ko laifin zabiya ne ko na fari, kan ko wanda ya daɗe a waje kunya ce ke hana shi dawowa hannu wofi, kuma wataƙila wani ya tashi ya ce a nan an faɗi gaskiya, a can an yi ƙari. Wannan hukunci ya fi na kowane kwamiti tsanani, shi ne kuma mai gyara fim na gaba, kamar yadda Sorkawa suka gyara na Rouch.

Mayar da fim gida nauyi ne da bai kamata a bar wa mai shirya shi kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawa ba su manta da majigi ba, motar da ke zuwa ta kafa ƙyalle a dandali, kuma ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant ta farfaɗo da wannan al'ada a ƙauyukan Nijar a shekarun 2000. Yau kayan aikin sun yi sauƙi: na'urar haska hoto, lasifika, batir mai cajin rana da bangon aji. Ƙungiyar al'adu ko ta malamai tana iya rubuta wa mai fim ta nemi izini, don aikinsa ne da guminsa, ta kuma gayyace shi idan hali ya yi. Bayan kallo a ba jama'a dama su yi magana, mata a wurin da za su sake, musamman ga fim irin L'Arbre sans fruit. A sa ɗalibai su rubuta abin da aka faɗa, da Hausa da Faransanci, a aika wa mai fim. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaukaka Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, malamin da ke kukan ƙarancin littattafai yana da abin koyarwa a cikin waɗannan finafinai, Hausar manomi da ta zabiya da ta samarin birni, kowace da kalmominta.

Akwai kuma darasi na biyu ga ɗaliban, waɗanda da yawansu ke yawo da kyamara a aljihu. Wanda ya ga yadda mai fim ke shafe watanni a unguwa kafin a yarda da shi zai fahimci cewa ɗaukar hoton mutum a kasuwa a watsa shi ba tare da saninsa ba cin amana ne. Zai koyi yin sallama, ya faɗi nufinsa, ya nemi yarda, ya kuma dawo ya nuna abin da ya ɗauka. Masu saƙa da masu noman rake da ungozomomin Tsauni suna da labarin da ya isa fim, kuma mai yiwuwa wanda zai ɗauke shi yana zaune yanzu a wani aji.

Lokacin kyaututtuka zai sake zagayowa, za a sake miƙa makirufo ga masu nasara, kuma ya dace a taya su murna. Abin da ake roƙon ɗan jarida shi ne ya ƙara tambaya ɗaya a ƙarshen jerinsa: a wane gari aka nuna wa masu labarin, kuma wane gyara suka yi. Su ma malamai da ƙungiyoyi, kafin su tafa, su tambayi kansu ko sun taɓa kafa ƙyalle ko sau ɗaya a harabar makarantarsu.