Bayan an sallami ƙanena daga asibiti

Mutane da yawa suna tsammani in an yi wa mutum dashen ƙoda, ya tashi lafiya, to magana ta ƙare. Mu da abin ya faɗo a gidanmu mun ga ashe a nan ne wani aikin ya ke farawa, kuma aikin dangi ne da maƙwabta.

Ƙanena malamin makaranta ne a Goronyo, yana kuma taɓa noman albasa da rani. Da ƙodojinsa suka gaza, sai ya shiga zirga-zirga zuwa Sakkwato sau biyu a mako domin wankin ƙoda, kowane zama awa huɗu. Ƙanwarmu ce ta ba shi tata ɗaya. A Kano aka yi aikin, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka soma irin wannan aiki tun 2002. A lokacin ba a fara yi a Sakkwato ba, sai a 2025 ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya yi nasa na farko.

Jikin mutum yana ɗaukar sabuwar ƙoda kamar baƙuwa, yana so ya kore ta. Saboda haka dole mai dashe ya sha maganin da ke kwantar da sojojin jiki, safe da dare, muddin ƙodar tana jikinsa. Maganin yana da tsada, kuma yana sa ciwo ƙanƙani ya kama mutum da sauri. Nan muka sha fama da masu dubiya. Ka san halinmu, ɗaki ya cika, kowa yana so ya miƙa hannu, wata tsohuwa kuma ta ɓullo da ƙullin sassaƙe. Matarsa ta shimfiɗa tabarma a zaure, a can a ke karɓar gaisuwa. Waɗansu sun ji haushi. Ni dai na ce gara haushin mako guda.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shirunsa. Fuskarsa ta kumbura saboda magani, barci ya ƙaurace masa, in ƙanwarmu ta shigo sai ya sunkuyar da kai. Wata rana ya ce mini, “Yaya, da me zan biya ta? In ƙodar nan ta lalace a jikina, na cuce ta ke nan.” Ban sami amsa ba. Ita ce ta warware zancen, ta ce, “Yaya, ni ban ba ka rance ba. Ka sha maganinka kan lokaci, shi ke nan.” Ita ma fa ta sha surutu, har ana cewa ba za ta ƙara haihuwa ba. Likita ya faɗa mata mace mai ƙoda ɗaya lafiyayya tana iya haihuwa, in ana duba ta yadda ya kamata.

Taimakon da ya riƙe shi ba mai ƙara ba ne. Wani direba ɗan Rabah, Musulmi, abokinsa tun suna yara, shi ke ɗauko maganin daga Sakkwato kowane wata, bai taɓa karɓar kuɗin mota ba. Kawunmu na Wurno in ya girbe shinkafar fadama ya kan ware buhu biyu a sayar domin kuɗin gwajin jini. Matan Zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu, suna tafasa masa ruwan sha, gama a zafin Afrilu na ƙasarmu mai ƙoda ɗaya ba ya wasa da ƙishirwa.

Sannu a hankali ya dawo, amma ba irin na dā ba. Dā mutum ne mai saurin fushi, wanda ba ya son a san damuwarsa. Yanzu yana iya cewa yau ba ni da ƙarfi, ku taimake ni. Ya koma aji, ya bar wa ɗansa ban ruwan albasa. Duk ran da ya je ganin likita a Sakkwato, ya kan tsaya wurin masu jiran wankin ƙoda, ya zauna da su, su yi ta tambayarsa. Yawancinsu tambaya ɗaya su ke fara yi masa, wato ta yaya ya iya buɗe baki ya roƙi ƙanwarsa. Ya kan ce bai roƙa ba, ita ce ta je aka gwada jininta kafin ta faɗa wa kowa.