Bidiyon da ya hana Inna barci

Daren wata Alhamis ne cikin bazara, kuran ya ɗauke, duk mun fito tsakar gida da tabarmi, sai Inna ta kira ni da wata murya da ban saba ji daga bakinta ba. Na iske ta da salula a hannu, hannun yana rawa. Wata ƙawarta ce ta turo mata bidiyo a WhatsApp: duhu, harsasai jajaye suna tashi sama a jere kamar tsakiya a zare, jirgi ya kama da wuta yana faɗowa. Ƙarƙashin bidiyon ga muryar wani mutum yana rantsuwa cewa yanzu-yanzu aka yi wannan a yankin Tillaberi.

"Ba can ne anka kai yayanku ba?" Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. Wata na biyar ke nan da aka tura su can.

Na kira lambar Yaya sau ya fi goma, ba ta shiga. Na ce wa Inna matsalar rezo ce, amma ni kaina ƙafafuna sun yi sanyi. Ana cikin haka Auta, mai shekara goma sha huɗu, ya leƙo ta bayan kafaɗata, ya kalla bai fi na daƙiƙa biyar ba, ya ce, "Yaya, wannan ai jeu ne. Arma 3 ne." Saura kaɗan in kai mishi mari. Ya ce in duba da kyau: babu mutum ko guda a ciki, hayaƙin yana tashi iri ɗaya kowane lokaci, kuma mai ɗaukar hoton yana girgiza hannu da gangan. Ya buɗe YouTube da ragowar megas ɗina ya nuna mini irinsa sun fi ashirin, wani an ce Yukren ne, wani an ce Gaza.

To, wannan yaron shi ne na shekara biyu ina faɗa da shi. Duk dala ashirin da ta shiga hannunsa, ɗakin wasan PlayStation na bakin kasuwa take ƙarewa, in ko ya samu wayar wani sai Free Fire har batir ya mutu. Ni ne mai cewa wasan harbi zai ƙona mishi ƙwaƙwalwa. Ga shi a daren nan, mu da muke jami'a an yi wasa da hankalinmu, ɗan kwalej ne ya gane.

Inna ba ta yarda ba, ta kwana kan sallaya. Ni ma ban runtsa ba, sai na shiga bin diddigin abin. Wani kamfani ne na ƙasar Cek, Bohemia Interactive, ya fitar da Arma 3 a 2013, kuma a 2022 sai da kamfanin da kansa ya fito ya roƙi jama'a su daina ɗaukar hotunan wasansa a matsayin yaƙin gaske. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, daga tsatson wasannin wannan kamfani aka samo VBS, manhajar da sojojin Amurka da na wasu ƙasashe suke horo da ita a kwamfuta kafin su fita daji. Uwa ɗaya uba ɗaya ke nan, ɗaya ya tafi bariki, ɗaya ya zo bakin kasuwa. Rundunar sojan Amurka ma ta taɓa yin nata wasan, America's Army, ta raba shi kyauta tun 2002 don jawo samari su shiga soja, ba ta rufe shi ba sai 2022.

Duk wannan dai hoto ne, ba ya zubar da jinin kowa. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne na wani mutumin Texas, John Lockwood. Wajen 2005 ya kafa bindiga ta gaske a wani gandun dabbobi, ya haɗa ta da kamara da intanet, ya buɗe shafi mai suna Live-Shot. Ka biya kuɗi, kana zaune a ɗakinka ka saita, ka latsa, harsashi ya fita a can. Hujjarsa ita ce naƙasassu ma su samu damar farauta. Mafarautan Amurka da kansu suka ce wannan ba farauta ba ce, Texas ta haramta abin a shekarar, jihohi sama da talatin suka bi sahu. Na tuna kakanmu na wajen uwa, maharbi ne, yana cewa naman da ba ka sha ƙaya a kansa ba bai san ka ba. Da ya ji wannan labari da ya tofar da yawu. Sai dai ku lura, don barewa da aladen daji aka yi gaggawar kafa dokokin nan.

Bayan shekara biyu wani ɗan Iraƙi mai zane, Wafaa Bilal, ya gwada abin a kan mutum, wato a kan kansa. A 2004 makami mai linzami na Amurka ya kashe ƙanensa a Kufa. A 2007 ya kulle kansa wata guda a wani ɗaki a Chicago, ya kafa bindigar da ke harba ƙwallon fenti mai ruwan ɗorawa, ya ba duk mai intanet damar saita ta a kansa, dare da rana. An harba sama da sau 60,000, daga ƙasashe fiye da ɗari. Wasu ma sun yi wa shafin kutse don bindigar ta riƙa ɓari ba tsayawa. Mutanen nan ba sojoji ba ne, ba wanda ya ba su oda, irinmu ne, masu zaman dare da waya a hannu. Amma akwai wasu da suka haɗa kai suna karɓa-karɓa, aikinsu kawai su riƙa juya bakin bindigar gefe don ya samu ya yi barci. Na daɗe ina tambayar kaina, da ina da rezo a lokacin, cikin wane rukuni zan faɗa? Ina son in ce na biyu. Amma na san yadda yatsana yake yi mini ƙaiƙayi in Auta ya miƙo mini manet.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne. A Agadas, nan cikin ƙasarmu, Amurka ta kashe sama da dalar Amurka miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi, ba ta fice ba sai Agusta 2024. Irin waɗannan jirage, mai tuƙa su yana iya zama a Nevada, ya tashi aiki ya biya kanti ya sayi madarar yara. Yanzu ƙasashenmu ma sun sayi nasu. Ranar 3 ga Disamba 2023, a Tudun Biri ta jihar Kaduna, jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya saki bom kan masu Maulidi, mutum aƙalla 85 suka rasu, rundunar ta ce kuskure ne. Wanda ya latsa bai ji ƙasidar da suke rerawa ba. Ɗigo-ɗigo ya gani suna taruwa a gilashi, irin dai waɗanda Auta yake gani.

Ban ce wasa yana mai da yaro makashi ba. Da haka ne da rabin samarin Maradi suna kaso. Auta ko kaza ba ya iya yankawa, ranar Sallah ɓuya yake yi. Abin da ke damuna kawai shi ne, hannu da ido suna koyon aikin tun kafin zuciya ta san nauyinsa, kuma masu ɗaukar soja sun san da haka tun kafin mu sani.

Yaya bai kira ba sai ranar Asabar da la'asar. Eriyar garin da suke ce ta lalace. Inna ta karɓi wayar ta kasa cewa komi sai "Alhamdu lillahi", ta miƙo mini. Na ba shi labarin bidiyon, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ƙanena, da haka abin yake da kyau ai da kowa ya zo. Mu nan ƙura ce da jira. Ranar da ta ɓaci kuma ba ka ganin komi, ƙara kawai kake ji." Sai ya yi shiru kaɗan, ya ce a ba shi Auta. Ban ji abin da ya faɗa mishi ba, na dai ga yaron yana ta "to Yaya, to Yaya", ya gama ya shige ɗaki. Har yau ya ƙi gaya mini.

Sati uku bayan haka bidiyon ya sake dawowa wayar Inna, shi ɗin dai, amma wannan karon muryar mace ce, tana cewa a Diffa ne. Inna ba ta kira ni ba. Ta leƙa zaure ta ce, "Ina Auta? Zo ka duba mini wannan."