Gansakuka a Cikin Akwatin Gilashi

Wani saurayi mutumin ƙasar Maraɗi ya tafi Abijan neman abin kansa, Ubangiji kuwa ya buɗe masa hanya, ya sami aiki a gidan wani Bature. A falon gidan akwai akwatin gilashi mai cin ruwa lita 400, cike da ruwan gishiri, da ƴan kifaye masu launi, da duwatsun da murjani ya kafu a kansu. Murjanin da ya sani tun yana yaro shi ne jan dutsen wuyan mata. Sai a nan ya ji cewa murjani dabba ce mai rai, ko da yake na akwatin ba irin wanda ake yin abin wuya da shi ba ne.

Maigidan ya koya masa aikin. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, haka kuma na akwatin zai zauna. Kowace rana ruwa yakan bi iska ya ragu, gishirin kuwa yana nan, saboda haka ruwa marar gishiri ake ƙarawa. Amma ba na famfo ba, sai wanda ya bi ta wata matata da ke bayan kicin, aka gwada shi da ɗan ma'auni, ma'aunin ya nuna 0.

Matatar nan ita ce ta tsaya wa saurayin a rai. Tana ɗigo da ruwa mai kyau kaɗan-kaɗan, kafin ta ba da lita ɗaya ta zubar da uku ko huɗu a kwata. Wanda ya girma yana jan guga a rijiya mai zurfi, har igiya ta yi masa kanta a hannu, ba zai ga haka ransa ya yi sanyi ba. Da maigidan ya tafi hutun wata biyu ƙasarsu, sai ya ce a ransa, ruwan da mutum yake sha bai kashe shi ba, ina zai fi ƙarfin kifi? Ya rufe matatar, ya shiga ƙarawa daga famfo. Ya kuma ga kifayen suna taruwa duk lokacin da ya matso, tausayi ya kama shi, ya mai da abincinsu sau uku a rana maimakon sau ɗaya. Mugunta kam babu a cikin abin da ya yi.

Da fari wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashin. Bayan ta sai gansakuka, koriya shar, doguwa kamar gashi, ta kama duwatsu, ta soma hawa kan murjanin. Ya goge da safe, kwana biyu ta dawo.

Dalilin kuwa kowane manomi zai gane shi. Ruwan famfo yakan ɗauko nitrat da fosfat, dangin abin da ke cikin takin zamani, ragowar abinci da kashin kifi kuma suna ƙara su. Ruwan da murjani ya fi son zama a teku kusan ba shi da takin nan sam. Abin mamaki ma, a cikin naman murjanin akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ce take karɓar haske ta ciyar da shi. Ta waje ce take rufe shi, ta tare masa hasken.

Saura sati uku maigidan ya dawo. Saurayin ya yi tunanin ya goge kome tas ana gobe zai iso, in murjani ya mutu daga baya, a ce ajalinsa ne. Ran Lahadi bayan sujada ya faɗa wa wani dattijon ikkilisiya abin da ke damunsa. Dattijon ya ce, "Ɗana, ban san kifi ba, amma na san ciyawa. In ka yanke ta sama-sama, mai gona zai ga saiwar wata rana. Kira shi yau."

Ya ce, "Baba, aikina fa?"

"Aikin nan ba kai ka ba kanka ba."

Ya buga waya da daren nan, muryarsa tana rawa. Maigidan ya yi faɗa, ba kaɗan ba, sa'an nan ya gaya masa abin yi. Ya buɗe matatar, ya rage abinci, ya rage awoyin fitila, ya tsinke gansakukar da hannu, kowane sati kuma ya kwashe kashi 10 cikin 100 na ruwan, ya mayar da sabo wanda aka haɗa da gishiri daidai. Ya gargaɗe shi kada ya sauya ruwan duka rana ɗaya, gama murjani ba ya jure canji na gaggawa.

Gyaran ya ci fiye da wata uku, gama fosfat ya riga ya shiga cikin duwatsun, yana fitowa a hankali. Murjani ɗaya bai tsira ba, ya zama farin ƙashi, aka cire kuɗinsa a albashi. Amma ba a kore shi ba. Ya roƙi maigidan, aka sa tiyo a bakin matatar, ruwan da take zubarwa ya koma bayan gida, inda ya shuka zogale da yakuwa.