Daga Azare Zuwa Katagum da Ƙafa

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa kallon fim ɗin da saurayi yake barin gari ya shiga daji don ya san ko shi wane ne? Turawa suna son irin wannan labari ƙwarai. Akwai wani fim na Amurka mai suna Into the Wild, wanda ya fito a 2007. Labarin gaskiya ne na wani saurayi, Christopher McCandless. Da ya gama jami'a sai ya ba da kuɗinsa sadaka, ya canza suna, ya yanke hulɗa da iyayensa. A 1992 ya shiga dajin Alaska shi kaɗai, ya zauna cikin wata tsohuwar mota. Da ya so komawa gida, sai ya tarar kogin da ya ƙetare a baya ya cika ya batse. Babu mai fito, babu wanda zai tambaya. Ya koma cikin motar, yunwa ta kashe shi yana da shekara 24.

Fim ɗin yana da kyau, amma dajinsa ba irin namu ba ne. Dubi littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Umar bai bar gida don ganin dama ba. Sace shi aka yi yana yaro, aka ƙetare hamada da shi. Kuma duk abin da ya zama, a hannun mutane ya zama shi.

Ni kuwa na ga haka da idona a ƙasar Katagum. Ka san yau Sarkin Katagum a Azare yake zaune, amma tsohon birnin da Malam Zaki ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu yana can arewa, wajen kilomita 70, a bakin kogin Jama'are. A 1916 aka dawo da mazaunin sarauta Azare. Wata shekara da kaka, ni da abokina muka ƙudura mu je tsohon birnin da ƙafa, ba ta kan titi ba, ta cikin gonaki da fadamu. Kwana uku muka yi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, dajin cike yake da mutane. Kana tsammani kai kaɗai ne, sai ka ji tari a bayan kuka, ko ka hangi yaro a tsaye da sanda a kafaɗa, shanu suna kiwo. Ga masu girbin dawa, ga masunta, ga mata ɗauke da ƙwarya. Kowa ka gamu da shi sai ya tsaya kun gaisa, kuma gaisuwar ba ta gaggawa ba ce.

Daren farko a wata ruga muka kwana. Bayan an kawo mana fura da nono, sai dattijon rugar ya dube ni ya ce, "Samari, ɗan wane gida ne kai?" Na faɗi makarantar da na gama da aikin da nake yi. Ya yi murmushi, ya ce, "Madalla. Amma wa ya haifi mahaifinka?" Na faɗa masa. Ya ce, "Shi kuma fa?" Nan ilimina ya ƙare. Shi kuwa ya lissafa kakanninsa har bakwai, da wuraren da kowannensu ya yi kiwo. Na kwanta a kan tabarma ina duban taurari, tambayar tana yawo a raina har asuba. A gari takarda ce take faɗin ko kai wane ne. A nan babu mai karanta ta.

Tafiyar ƙafa kuma tana tona halin mutum. A rana ta biyu, da ruwan gorarmu ya ragu, na lura ina ƙirga kurɓin abokina. Ashe rowa tana iya ɓuya cikin mutum shekara da shekaru, muddin famfo yana kusa.

Ba mu ne baƙin farko a wannan ƙasa ba. A watan Janairu na 1824 Turawa biyu, Clapperton da Oudney, suka iso Katagum daga Barno, cikin ayarin fatake. Oudney ya rasu a Murmur, kusa da nan. Clapperton, wanda ake kira Abdullahi a tafiyar, ya wuce Kano, har ya kai Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello. Shi ma masu ja-gora ne suka kai shi.

A rana ta uku da la'asar muka iso bakin kogi. Ruwa bai gama janyewa ba, ga gari can ƙetare. Abokina ya fara naɗe wando zai shiga. Wani tsoho mai fito ya daka masa tsawa daga cikin kwalekwale: "Kai yaro, tsaya! Nan wurin ya fi tsawon mutum biyu." Ya turo jirgin, muka shiga. Da muka sauka na miƙa masa kuɗi, ya karɓi rabi, ya ce ragowar mu sayi abinci, domin ya ga alamar yunwa a fuskokinmu.