Wa Zai Rubuta Mana Gobe?

Duk wanda ya saba karanta littattafan Hausa masu fitowa kashi-kashi ya san takaicin shafin ƙarshe. Jarumi yana bakin kogon aljani, takobinsa ya karye, dokinsa ya gudu, sai marubuci ya ce a tari littafi na biyu. Mutumin Kano tsaki kawai zai yi, in ya shiga kasuwar Sabon Gari ya tambaya ko na biyun ya fito. Mu da ke zaune a Gardole, cikin tsakiyar Ndjamena, jiranmu hawa biyu ne. Mu jira marubuci ya gama, sannan mu jira hanya ta kawo. Littafi yakan taso daga Kano a cikin kayan 'yan kasuwa, ya bi ta Maiduguri da Dikwa da Gamboru, ya tsallaka Fotokol a ƙasar Kamaru, ya iso Kusuri, kafin ya hau gadar Ngeli ya shigo mana. Da rikicin Boko Haram ya toshe wannan hanya a wajejen 2014, tare da atamfa da takalma da kayan masarufi, har da ƙarshen labarai da yawa ya maƙale. Akwai jarumai da na bari a bakin kogo tun lokacin, har yau ban san yadda suka kwashe da aljanin ba.

Sana'ata gabatar da shiri a rediyo, don haka ni ma ina cikin masu gasa wa mutane wannan gyaɗar. Idan ina karanta labari a iska, na san daidai inda zan ce za mu dakata a nan sai mako mai zuwa, kuma na san wayar ɗakin watsa shiri za ta ɗauki ƙara kafin in cire abin sauraro daga kunnena. Ba mu muka ƙago dabarar ba. A Dare Dubu da Ɗaya, yarinyar da ke ba sarki labari tana katse shi da asuba ne don ta ga wata asubar da ranta. A littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a shekarun 1930, aku yana riƙe Musa ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. A wurare biyun, son jin abin da zai biyo baya shi ne ya tsare rai. Wanda ke jiran ƙarshen labari ya riga ya yarda cewa akwai gobe, kuma yana da rabo a cikinta.

Mu ɗaliban makarantun boko na Chadi da Faransanci muka yi karatu, kuma ta wannan ƙofa na shiga labaran wasu ƙasashe. Wasu na aro a ɗakin karatu, wasu na tsinta wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da babbar kasuwa, wasu kuma aka turo mini a waya. A nan na gane cewa ciwon jira bai bar kowa ba. George R. R. Martin ya fitar da littafi na biyar na labarinsa na sarauta da dodanni a 2011, masu karatunsa suka shiga jiran na shida shekara da shekaru. Margaret Atwood ta wallafa The Handmaid's Tale a 1985, ci gabansa bai fito ba sai 2019, bayan shekara 34. Octavia Butler kuwa ta rubuta littafi biyu na labarin da ta yi niyyar ci gaba da shi, ta rasu a 2006 ba ta kammala na uku ba. Wannan jiran ba shi da ranar ƙarewa.

Littattafan da nake magana a kansu iri biyu ne. Akwai na almara, masu aljanu da tsafi da takubba da duniyoyin da babu su a taswira. Akwai kuma waɗanda Turawa ke kira distofiya, ni kuwa a shirina nakan kira su labaran baƙar gobe. Su waɗannan marubuci yakan ɗauki wani ciwo da ke damun zamaninsa, ya ja shi gaba shekara talatin ko ɗari, ya nuna yadda rayuwa za ta koma idan ba a yi maganinsa ba.

A iri na farko Bahaushe ba ya neman aro. Gasar rubutu ta 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jaruminsa ya tashi daga yaƙi da Nasara ya faɗa ƙasashen aljanu. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. A zamanin adabin kasuwar Kano, marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun cika hannun samari da labaran jarumta da bokaye. Sai dai in ka lura, kusan dukkansu fuskarsu baya take kallo, wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a wani birni na gabas. Wanda na sani ya ɗaga kai sama shi ne Umaru Dembo da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, inda wani baƙo daga sararin samaniya ya ɗauki yaro ya zaga da shi. A ɓangaren gargaɗin siyasa kuma muna da Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa littafin George Orwell a 1975. Bayan waɗannan, rumbun namu bai cika ba. Jiya muna da ita jibge a rubuce. Gobe ce muka bar wa wasu.

Wata rana na ba da taƙaitaccen labarin 1984, ɗaya littafin Orwell da ya fito a 1949, mai maganar ƙasar da hukuma ke leƙen kowa har cikin ɗakinsa, tana sake rubuta tsofaffin jaridu don tarihi ya dace da bakinta. Sai wani dattijo ya bugo waya. Ya ce, "Ɗana, mu da muka ga zamanin DDS da idonmu, wane Bature ne zai ba mu labarin tsoro? Ka karanta mana abin da zai sa mu dariya." Na ce, "Allah ya ja da ranka, Baba, gaskiyarka ne." Ban kuma ce komai ba a lokacin, domin maganar tasa tana da nauyin da ya fi ƙarfin amsar minti ɗaya.

Dattijon bai yi ƙari ba. Daga 1982 zuwa 1990, a mulkin Hissène Habré, 'yan sandan ciki na DDS sun sa maƙwabci yana tsoron maƙwabci. A cikin wannan birni aka ɗauki wurin ninƙaya na zamanin Turawa, aka rufe samansa da siminti, aka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum kusan 40,000 suka halaka, kuma sai a 30 ga Mayu 2016 wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Kafin shi, a 1973, shugaba Tombalbaye ya sauya sunan birnin daga Fort-Lamy zuwa Ndjamena, ya ajiye sunansa François ya ɗauki Ngarta, aka kuma matsa wa jama'a su sauya nasu. Ni kaina ina saurayi a farkon Fabrairu 2008, lokacin da 'yan tawaye suka shigo har tsakiyar gari, dubban mutane suka tsallaka Kusuri da abin da kai zai iya ɗauka. A makonnin da suka biyo baya an rushe gidaje a unguwanni da dama, har da wani sashe na Gardole. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 kuma, wata goma sha shida, Facebook da WhatsApp a toshe suke a ƙasar nan, sai mai kuɗin bin ɓarauniyar hanya. Abin da wasu ke karantawa a matsayin gobe mai ban tsoro, mu wani ɓangarensa jiyarmu ne.

To, me ya rage wa irin waɗannan littattafai su gaya mana? Amsar da na daɗe ina juyawa ita ce, wanda bala'i ya faɗa wa ya san ƙarshensa, amma sau da yawa bai ga farkonsa ba, domin farkon ba ya zuwa da ganga. Littafin baƙar gobe mai kyau aikinsa nuna matakala ne. Dubi Parable of the Sower na Butler, wanda ya fito a 1993 amma labarinsa ya fara a 2024. Wata yarinya ce, Lauren Olamina, a unguwar da aka kewaye da katanga kusa da Los Angeles. Ruwa ya yi tsada, aiki ya yi wuya, 'yan sanda sai an biya su. Manyan unguwar suna ta cewa abubuwa za su koma daidai. Ita kaɗai ta haɗa jakar gudu, ta sa iri a ciki, ta koyi abin da ake ci a daji. Ranar da aka ƙone unguwar, ita ce ta san inda za ta sa ƙafa. Da na karanta yadda ta bi babbar hanya a ƙasa cikin ayarin mutane, gadar Ngeli ta 2008 ce ta dawo mini. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babukan farko, inda kowa ke ganin hayaƙi yana cewa ƙura ce.

Akwai kuma maganar yara. Mafi yawan 'yan Chadi na yau an haife su bayan 1990. Abin da Baba ya gani da ido, su a bakin wasu suke ji, in ma an yarda an faɗa musu, don gidaje da yawa ba a tayar da zancen. Yaron da ba zai zauna ya karanta rahoton kwamiti ba zai kwana yana bin labarin wata ƙasa da babu ita, ya fito ya san kamannin mai kai rahoto da yadda tsoro ke sa mutumin kirki yin shiru.

Wasu masu saurare sukan kawo wata hujjar, su ce gobe ta Allah ce, mai rubuta abin da zai faru nan da shekara hamsin yana taɓa gaibu. Haka ne, gaibu sai Allah. Amma marubucin nan ba duba yake yi ba, bai kuma ce ga abin da zai faru ba. Cewa yake in aka ci gaba a haka, ga inda hanyar ta nufa, kamar manomin da ya ga hadari ya haɗo gabas ya ce a kwashe shanya. Muna karanta ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, yadda aka tara hatsin shekara bakwai na yalwa saboda bakwai na fari. Shi wahayi ne da fassarar mafarki, mu namu lura ce kawai, amma darasin tanadi ɗaya ne. Da ma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

'Yan Afirka sun daɗe da shiga wannan fage. Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta kafa Who Fears Death na 2010 a Sudan ta wani zamani mai zuwa, kuma abin da ya faru a Darfur, maƙwabtanmu na gabas, shi ya tunzura ta. Abdourahman Waberi na Jibuti ya kifar da duniya a littafinsa na 2006, Afirka ta zama mai arziki, Turawa suna tururuwar neman mafaka a cikinta. Ahmed Khaled Tawfik na Masar ya rubuta Utopia a 2008, inda masu kuɗi suka killace kansu a bakin teku suka bar sauran jama'a a kango. Boualem Sansal na Aljeriya ya fitar da 2084 a 2015. Na ji daɗinsu, amma da Turanci da Faransanci da Larabci aka rubuta su. Gwaggota da ke sayar da ƙosai, wadda ba ta kuskure shirina, babu ɗaya da zan karanta mata kai tsaye ba tare da na tsaya ina juya shi ba.

Alhali kayan labarin a ƙofar gidanmu suke. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000, ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980, har masunta da makiyaya da manoma na ƙasashe huɗu suka koma bin ruwa duk inda ya ja. Mu kuma a birni, a 2022 da 2024, kogin Shari da Logon suka cika suka shiga unguwanni, mutane suka koma hawa kwalekwale a inda da suke hawa klando. Ƙishirwa a arewa, ambaliya a bakin kogi, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40. Wane marubuci ne zai ce ya rasa abin faɗa?

Littafin da na fi ɗokin jira, saboda haka, ba a Amurka yake ba. Ina jiran wanda zai buɗe a Ndjamena ko Diffa ko Maiduguri ta shekarar 2070, da Hausar da ake yi a kasuwa, mai gauraye da Larabcin Chadi da Barbarci. Ina so in san wa ke riƙe da makullin famfo a wannan zamani, da nawa ake sayar da jarka, da abin da liman ke faɗa ranar Juma'a. Ina so in ga yarinyar da ta gaji taswirar tsohon tafki daga kakanta masunci, da abin da masu iko za su yi don su karɓe ta. In marubucin ya ga dama ya sa aljanun ruwa a ciki, su ma a tambaye su ina suka koma da ruwan ya janye. Kada ya tausaya mana, kada kuma ya rufe ƙofa ruf, ya bar ko da iri ɗaya a cikin jaka.

Marubutanmu na Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram, da ƙannenmu masu rubutu a waya a nan Chadi, ku kuka iya riƙe mai karatu har littafi na biyar a kan soyayya da kishiya, kuma ba na raina wannan gwaninta. Ita ce dai ake bukata a nan. Duk wanda ya rubuta, ko kashi na ɗaya ne kawai, ya turo. Zan karanta shi a iska, in katse a daidai inda ya fi zafi, mu ga ko Baba zai bugo ya tambayi yaushe na biyu zai fito.