Shinkafa da Wake a Charleston

Kawuna, wanda ya daɗe yana aikin jinya a Atlanta, shi ya matsa sai mun leƙa Charleston lokacin da na kai masa ziyara a 2024. Tafiyar wajen awa biyar ce a mota. Garin yana jihar Carolina ta Kudu, a bakin Tekun Atlantika, kan wani zirin ƙasa tsakanin kogin Ashley da kogin Cooper, kuma Turawan Ingila ne suka kafa shi a 1670. Zafinsa mai danshi ne: ka yi wanka ka fito, kafin ka kai bakin mota riga ta manne maka a baya.

Kyau ake fara nuna wa baƙo. Mun hau keken doki, an zaga da mu ta gaban gidaje 13 masu fenti kala-kala na titin East Bay, da manyan gidajen attajiran da masu dogayen baranda. Mun shiga jirgin ruwa zuwa sansanin Fort Sumter, wanda aka harba wa igwar farko ta yaƙin basasar Amurka ranar 12 ga Afrilu, 1861. Mai keken dokin ya haddace wane ya auri 'yar wane. Waɗanda suka buga tubalin gidajen kuwa, jimla ɗaya suka samu a bakinsa.

A titin Chalmers, mai daɓen duwatsu, akwai ƙaramin gini da ake kira Old Slave Mart. A 1856 hukumar gari ta hana gwanjon bayi a bakin titi, sai dillalai suka shige da cinikin cikin gida. Yanzu wurin gidan tarihi ne. A bango akwai allo mai nuna farashin mutum gwargwadon shekarunsa. Kawu ya gyara tabarau, ya bi layi da yatsa har ya zo kan nasa shekarun, ya ce, "Ɗan nan, ni kam na faɗi a kasuwa." Ya yi dariya, ni na kasa. A kasuwar Kurmi ta Kano ma an sayar da mutane, amma ni dai ban taɓa cin karo da allon da ke faɗa wa yaranmu haka ba.

Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan Afirkan da aka kai Amurka ta Arewa cikin sarƙa ta wannan gari suka shiga. A Gadsden's Wharf, inda jiragen ke sauke su, an buɗe sabon gidan tarihi a Yunin 2023, an ɗora shi kan ginshiƙai don kada ya danne ƙasar. A wannan gaɓar aka sauke Umar ibn Sa'id a 1807, malami Bafulatani daga Futa Toro. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk. Ya rasu yana bawa.

Shinkafa ce ta gina Charleston, kuma ba Turawan ne suka zo da ilimin nomanta ba. Masu gonaki sun fi son bayi daga Senegal, Gambiya da Saliyo, domin su suka san yadda ake tare ruwa da yadda ake sake shi a fadama. Su suka sare dazuzzukan fadamun cikin sauro da macizai, suka yi gina, suka casa shinkafar da turmi da taɓarya. Jikokinsu su ne mutanen Gullah na tsibiran yankin.

A tsohuwar kasuwar gari na tarar da wata dattijuwa daga cikinsu tana ɗinkin faifai. Ta dunƙule wata ciyawa mai ƙamshi, tana naɗe ta da tsagin kaba, tana huda da ƙotar cokali da aka goge bakinta. Ba ta ko kallon hannunta. Na ce, "Mama, da wannan muke bakace a gida." Na ɗauki guda na gwada mata. Ta ajiye aikin, ta ce da shi kakanninta suka yi bakacen shinkafa, amma masu saye yanzu a bango suke rataye shi. Da na ji kuɗinsa na mayar mata da hannu biyu.

Abincin gaske ba a unguwar 'yan yawon buɗe ido yake ba. Gidaje sun yi tsada a tsakiyar gari, baƙaƙen fata da dama sun koma North Charleston, tukwanensu ma sun bi su. Can Kawu ya kai ni, wani ƙaramin shago da ake nuna abin da ake so ta bayan gilashi a zuba wa mutum a mazubin roba. Ga jar shinkafa da aka dafa da tumatir, dafa-duka sak. Ga shinkafa da wake, wadda suke kira Hoppin' John suna ci ranar sabuwar shekara don neman sa'a. Ga miyar kuɓewa, sai dai tasu da tumatir ake yi, ba ta yauƙi sosai, kan shinkafa ake zuba ta. Ga tsakin masara da jatan lande, wanda da can karin kumallon masunta ne, yau kuma manyan otal ke sayar da shi da tsada.

Sai dai Musulmi ya buɗe ido. Naman alade shi ne gishirin girkinsu: yana cikin waken, yana cikin ganyen, yana cikin jar shinkafar, kuma ba lallai ka gan shi ba. Kawu ya saba, tukunya-tukunya ya bi yana tambaya. Mai abincin ba ta ƙosa ba. Ta ce waken ranar da ƙyafaffen naman talo-talo ta dafa shi, saboda masu hawan jini, amma mu bar jar shinkafar. Haka na ci shinkafa da wake da soyayyen kifi, ina kora wa da shayi mai ƙanƙara wanda sukarinsa ya kusa hana ni barci. Ba yaji, ba man ƙuli, amma na gane abin da nake ci tun daga loma ta farko. Ta tambaye ni ko mu ma ranar sabuwar shekara muke cinsa. Na ce mu kullum ne, musamman idan wata ya yi nisa. Ta kwashe da dariya, ta ƙara mini ludayi guda.

A hanyar komawa muka tsaya wajen wani mai tukunya a bakin titi, muka sayi dafaffiyar gyaɗa da ɓawonta, jiƙe da ruwan gishiri, da wasu siraran biskit na riɗi. Kafin mu fita daga jihar Kawu ya cinye riɗin, yana ƙorafin bai kai kantun Katsina ba.