Ɓoyayyen aibi na mai sayarwa ne

Ma'aikaci yakan tara albashin shekaru ya sayi tsohuwar motar Turai da ta sauka Lome ko Kwatano. Bayan mako biyu inji ya mutu, dillali ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Mai saye ya haƙura, wai ƙaddara ce.

Doka ba ta ce haka ba. Aya ta 1641 ta kundin Code civil ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin da ido ba ya gani. Ta 1644 ta ba mai saye zaɓi: ya mai da mota ya karɓi kuɗinsa, ko a rage masa farashi. Malaman Malikiyya ma sun yarda a mai da kaya saboda aibi. Amma jinkiri yana kashe haƙƙi. A riƙe takardar ciniki, makanike ya shaida, a garzaya gidan shari'a.